Ilimin ƙididdiga

Ilimin ƙididdiga wani reshe ne na lissafi da ke nazarin yadda ake tattara bayanai, a tsara su, a tantance su, sannan a fitar da ma'ana daga cikinsu. Ana amfani da shi a fannin lafiya da noma da ilimi da nazarin harshe, amma ya fi shafar rayuwar jama'a ta hanyar tattalin arziki, domin da shi ake auna hauhawar farashi da rashin aikin yi da talauci da arzikin ƙasa. A jami'o'in Najeriya darasi ne na dole ga ɗaliban tattalin arziki tun daga farkon karatun digiri. Babban abin da darasin yake koyarwa shi ne kowane adadi ya dogara ne ga ma'anar da aka ba abin da aka auna, da mutanen da aka tambaya, da kuma shekarar da aka kwatanta da ita. Idan ɗaya daga cikin waɗannan ya canza, adadin ma yakan canza.

Asalin kalma

Kalmar ƙididdiga tana da alaƙa da aikatau "ƙididdige", wato a bi abu ɗaya bayan ɗaya a lissafa shi ba tare da an bar komai ba. Kalmar "alƙaluma", wadda kafofin yaɗa labarai suke amfani da ita wajen ba da sakamakon bincike, jam'in alƙalami ce, kuma an aro ta daga Larabci. Haka ita ma kalmar "lissafi" daga Larabci ta fito. A harsunan Turai kuwa, sunan wannan ilimi ya samo asali daga kalmar Latin mai nufin ƙasa ko hukuma. Wani malami Bajamushe mai suna Gottfried Achenwall ne ya yaɗa kalmar Statistik a shekarar 1749, da nufin bayanan da hukuma take buƙata game da ƙasarta.

Tarihi

Tun zamanin da, masu mulki suna ƙidayar mutane da dukiya saboda haraji da yaƙi. A ƙarni na tara, Al-Kindi, masanin da ya zauna a Bagadaza, ya bayyana yadda ake warware rubutun sirri ta hanyar ƙirga yawan fitowar kowane harafi. Ana ɗaukar wannan a matsayin ɗaya daga cikin ayyukan farko da suka fitar da hukunci daga yawan maimaituwar abu.

A shekarar 1662 John Graunt ya yi nazarin takardun mace-mace na birnin Landan ya fitar da hasashen yawan jama'ar birnin. William Playfair ya ƙirƙiro zanen sanduna a 1786, da zanen da'ira a 1801. Adrien-Marie Legendre a 1805 da Carl Friedrich Gauss a 1809 sun wallafa hanyar zana layin da ya fi dacewa da tarin bayanai, wadda har yanzu ita ce ginshiƙin binciken tattalin arziki. Daga ƙarshen ƙarni na 19 zuwa farkon na 20, Francis Galton da Karl Pearson da William Gosset da Ronald Fisher suka kafa mafi yawan hanyoyin da ake koyarwa a yau. An kafa ƙungiyar masana haɗa lissafi da ƙididdiga da tattalin arziki a 1930, kuma biyu daga cikin jagororin fannin, Ragnar Frisch na Norway da Jan Tinbergen na Holan, su ne suka fara samun kyautar Nobel ta tattalin arziki a 1969.

Rabe-rabe

An kasa ilimin gida biyu. Na farko shi ne ƙididdigar siffantawa, wadda take taƙaita bayanan da ke hannu ta hanyar jadawali da zane da ma'aunai. Na biyu shi ne ƙididdigar hasashe, wadda take ɗaukar wani yanki na jama'a, wato samfur, ta yi amfani da shi wajen faɗin wani abu game da jama'ar baki ɗaya.

Su ma bayanai iri-iri ne. Akwai na rukuni, kamar sana'a ko jiha, waɗanda ba a tarawa ko rabawa. Akwai na adadi, kamar kuɗin shiga ko yawan buhunan da gona ta bayar. Masana tattalin arziki kuma suna bambanta bayanan da aka ɗauka daga mutane da yawa a lokaci ɗaya, da bayanan abu ɗaya da aka bi tsawon lokaci, kamar farashin masara wata-wata, da kuma waɗanda suka haɗa duka biyun.

Ma'aunan tsakiya

Ma'aunan tsakiya guda uku ne. Matsakaici shi ne a tara dukkan adadin a raba da yawansu. Na-tsaka shi ne adadin da ya faɗo a tsakiya idan an jera su daga ƙarami zuwa babba. Mafi-maimaituwa kuwa shi ne adadin da ya fi fitowa.

Ga misali na koyarwa. A ce gidaje bakwai a layi ɗaya suna samun waɗannan kuɗaɗe a wata: naira 40,000, da 45,000, da 50,000, da 55,000, da 60,000, da 70,000, da 800,000. Jimillarsu naira 1,120,000 ce, saboda haka matsakaici ya zama naira 160,000. Amma gidaje shida daga cikin bakwai ba su kai ko rabin wannan kuɗin ba. Na-tsaka, wato naira 55,000, shi ya fi bayyana halin layin. Wannan ya sa a maganar kuɗin shiga da dukiya ake fifita na-tsaka, domin attajiri ɗaya yana iya jan matsakaici sama ƙwarai. Haka kuma, raba arzikin ƙasa da yawan jama'arta matsakaici yake bayarwa, ba ya nuna abin da ke aljihun mafi yawan mutane.

Ma'aunan warwatsuwa

Kasuwanni biyu suna iya zama da matsakaicin farashi ɗaya amma halinsu ya bambanta. A ce masu sayar da gero biyar a kasuwa ta farko suna ba da mudu a kan naira 1,000, da 1,100, da 1,200, da 1,300, da 1,400. A kasuwa ta biyu kuma 1,150, da 1,200, da 1,200, da 1,200, da 1,250. A duka biyun matsakaici naira 1,200 ne. Tazara, wato babba a cire ƙarami, naira 400 ce a ta farko, naira 100 a ta biyu.

Ma'aunin da aka fi amfani da shi shi ne ma'aunin karkata. Ana cire matsakaici daga kowane adadi, a ninka sakamakon da kansa, a tara, a raba da yawan adadin bayan an rage ɗaya idan samfur ne, sannan a nemo tushen abin da ya fito. A kasuwa ta farko jimillar ta zama 100,000, an raba da 4 ya ba da 25,000, tushensa kuma kusan naira 158. A kasuwa ta biyu ma'aunin kusan naira 35 ne. Mai saye a kasuwa ta farko yana da buƙatar zagayawa ya taya kafin ya biya, domin farashin a warwatse yake.

Samfur da yiwuwa

Mai sayen hatsi ba ya zazzage buhu ya duba ƙwaya-ƙwaya. Yakan zura hannu sama da tsakiya da ƙasa, domin ya san ana iya ɗora mai kyau a baki. Wannan shi ne tushen ɗaukar samfur: kowane ɓangare ya kasance yana da sananniyar dama ta shiga cikin waɗanda aka zaɓa. Idan an cika wannan sharaɗi, ilimin yiwuwa yana ba da hanyar auna girman kuskuren da za a iya samu. Samfurin mutum 1,000 da aka zaɓa ta hanyar ƙuri'a yana ba da kuskuren kusan maki 3 sama ko ƙasa, a matakin amincewa na kashi 95 cikin 100. Wanda yake son rage kuskuren zuwa rabi sai ya ninka samfurin sau huɗu.

Girman samfur ba ya gyara son kai wajen zaɓe. A zaɓen shugaban ƙasar Amurka na 1936, mujallar Literary Digest ta tattara amsoshi fiye da miliyan biyu, ta ce Alf Landon ne zai yi nasara. Franklin Roosevelt ne ya ci da gagarumin rinjaye. Mujallar ta samo sunaye da yawa daga jerin masu wayar tarho da masu mota, waɗanda suka fi wadata, kuma mafi yawan waɗanda aka aika wa takarda ba su mayar da amsa ba. George Gallup ya faɗi wanda zai yi nasara daidai da samfurin da bai kai wannan ko kusa ba.

Hukumomin ƙididdiga sukan yi zaɓe hawa biyu. Da farko a zaɓi ƙananan yankunan ƙidaya, sannan a rubuta gidajen da ke cikinsu a zaɓi wasu. Ɗalibin da yake son auna kuɗin da gidaje ke kashewa a Ƙaramar Hukumar Kaduna ta Arewa, idan ya tsaya a Malali ko Unguwar Rimi kaɗai, sakamakonsa ba zai wakilci Rafin Guza da Kawo da Badarawa ba. Hanyar da ta dace ita ce a kasa yankin rukuni-rukuni a ɗauki rabo daga kowane rukuni. Lokacin ziyara ma yana da tasiri: wanda ya zagaya gidaje da hantsi ba zai tarar da magidantan da suka tafi kasuwa ko gona ba, kuma a gidajen da mata ke cikin kulle ana buƙatar mata masu tambaya kafin a samu bayanin sana'o'in cikin gida.

Alaƙa da dalili

Ma'aunin alaƙa adadi ne daga -1 zuwa +1 da ke nuna yadda abubuwa biyu suke tafiya tare. Layin hasashe kuma yana nuna yawan canjin da ake tsammani a abu ɗaya idan ɗayan ya ƙaru, misali yawan ƙarin abin da gida ke kashewa a kan abinci idan kuɗin shigarsa ya ƙaru da naira 1,000. Sai dai tafiya tare ba hujja ba ce cewa ɗaya ne ya haddasa ɗayan. A arewacin Najeriya cinikin ƙanƙara da cutar sanƙarau duka sukan ƙaru a lokacin zafi, amma ba ƙanƙarar ce ke kawo cutar ba. Yanayin bazara ne ke bayan su biyun.

Bayanan da aka bi tsawon lokaci suna da matsalar zagayowar yanayi. Farashin hatsi yakan sauka da kaka ya hau kafin sabon amfani ya iso, don haka ake kwatanta wata da takwaransa na bara. Azumi da Sallah kuma suna matsowa da kimanin kwana 11 a kowace shekarar miladiyya, abin da ke sa tashin farashin da ke zuwa da su ya riƙa sauya wata.

Ma'aunin farashi

Ana auna hauhawar farashi da kwandon kayan masarufi da aka ƙayyade. Idan kwandon ya ci naira 20,000 a shekarar tushe, ana ba shi maki 100. Idan ya koma 26,000 a shekara ta gaba, ma'aunin ya zama 130, hauhawar farashi kuma kashi 30 cikin 100. Idan a shekara ta uku ya kai 29,900, hauhawar ta sauka zuwa kashi 15, amma kayan sun ƙara tsada. Saukar hauhawar farashi tana nufin gudun tashin ne ya ragu. Hanyar da ke riƙe kwandon shekarar tushe ana danganta ta ga Étienne Laspeyres, wanda ya wallafa ta a 1871, mai amfani da kwandon shekarar da ake ciki kuma ga Hermann Paasche a 1874.

Ƙididdiga a Najeriya

Gwamnatin mulkin mallaka ta kafa ƙaramin sashen ƙididdiga a 1928, aka yi dokar ƙididdiga a 1957, daga baya sashen ya zama Ofishin Ƙididdiga na Tarayya. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, wadda aka fi sani da NBS, ta samu ne daga haɗe wannan ofishi da Rumbun Bayanai na Ƙasa, kuma tana aiki da dokar ƙididdiga ta 2007. Ƙidayar mutane kuwa aikin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ne.

Ƙidayar jama'a ta daɗe tana jawo gardama, domin rabon kuɗin tarayya da kujerun majalisar wakilai suna da nasaba da yawan jama'a. A zamanin haraji da jangali mutane sukan ɓoye kansu da dabbobinsu daga masu ƙirga, bayan samun 'yanci kuma sai zargi ya koma na ƙara adadi. An soke ƙidayar 1962, ta 1963 ta ba da kusan mutum miliyan 55.7, an kuma soke ta 1973. Ƙidayar 1991 ta ba da mutum 88,992,220, ta 2006 kuma 140,431,790. A ƙidayar 2006 Jihar Kano ta samu 9,401,288, Legas 9,113,605, Kaduna 6,113,503. An ɗage ƙidayar da aka shirya yi a watan Mayun 2023. Saboda haka adadin jama'ar da ake amfani da shi yanzu hasashe ne da aka gina a kan 2006. Da haɓakar kashi 3.2 cikin 100 a shekara, wadda aka fitar daga waccan ƙidaya, jama'a sukan ninka cikin kimanin shekara 22. Sakamakon 2006 da ake amfani da shi na jihohi ne da ƙananan hukumomi, don haka mai tsara makaranta ko asibiti ga unguwa kamar Rafin Guza yakan dogara ga ƙiyasi ko binciken gida-gida.

Abubuwa uku na baya-bayan nan suna nuna tasirin ma'ana da shekarar tushe. A watan Afrilun 2014, lokacin da Yemi Kale yake shugabancin NBS, an sauya shekarar tushe ta lissafin abin da ƙasa ke samarwa, wato GDP, daga 1990 zuwa 2010. Adadin shekarar 2013 ya tashi daga kusan naira tiriliyan 42 zuwa kusan tiriliyan 80, kimanin dala biliyan 510, Najeriya ta wuce Afirka ta Kudu a girman tattalin arziki. Babu wanda dukiyarsa ta ƙaru a wannan rana. Tsohon lissafin ne bai ba harkar sadarwa da finafinai da wasu ayyuka nauyin da ya kamata ba. An sake sabunta shekarar tushe zuwa 2019 a shekarar 2025.

Na biyu shi ne rashin aikin yi. NBS ta ba da kashi 33.3 cikin 100 a zangon ƙarshe na 2020, sannan kashi 4.1 a zangon farko na 2023. A tsohon tsari, wanda ya yi aiki ƙasa da awa 20 a mako ana sa shi cikin marasa aiki. A sabon tsari, wanda ya bi ƙa'idar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, duk wanda ya yi aikin awa ɗaya domin kuɗi ko riba a cikin kwana bakwai da suka wuce yana cikin masu aiki. Ba daidai ba ne a jera adadin biyu a ce rashin aiki ya ragu, domin ba abu ɗaya suka auna ba.

Na uku shi ne hauhawar farashi, wadda ta kasance kashi 34.80 cikin 100 a Disambar 2024, sannan aka sanar da kashi 24.48 na Janairun 2025 bayan an sauya shekarar tushe daga 2009 zuwa 2024, aka kuma sabunta kwandon kayan da nauyin kowane rukuni.

Talauci ma ana auna shi ta hanya fiye da ɗaya. Binciken yanayin rayuwa na 2018 zuwa 2019 ya sa layin talauci a kan naira 137,430 ga mutum ɗaya a shekara, ya gano kashi 40.1 cikin 100, wato mutum miliyan 82.9, ba tare da Jihar Borno ba. Ma'aunin talauci mai fuskoki da yawa na 2022, wanda ya duba lafiya da ilimi da yanayin muhalli da aiki, ya ba da kashi 63 cikin 100, wato mutum miliyan 133.

A Jamhuriyar Nijar, Cibiyar Ƙididdiga ta Ƙasa da ke Yamai, wato INS, ita ce ke wannan aiki. An yi ƙidaya a 1977 da 1988 da 2001 da 2012. Ta 2012 ta ba da mutum 17,138,707, kuma jihohin Damagaram da Maraɗi suna cikin waɗanda suka fi yawan jama'a.

Koyarwa a Jihar Kaduna

Ana koyar da ƙididdiga a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka kafa a 1962, da Jami'ar Jihar Kaduna, wadda aka kafa a 2004, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna. Makarantar Ƙididdiga ta Tarayya da ke ƙarƙashin NBS tana da reshe a Manchok a kudancin jihar, baya ga na Ibadan da Inugu. Jihar tana da hukumar ƙididdiga tata, wadda take gudanar da binciken gidaje da tattara bayanan makarantu da lafiya da noma domin tsare-tsaren gwamnati.

Darasin farko ga ɗaliban tattalin arziki yakan ƙunshi tattara bayanai, jadawali da zane, ma'aunan tsakiya da na warwatsuwa, yiwuwa, ɗaukar samfur, gwajin zato, alaƙa da layin hasashe, da ma'aunin farashi. Ana fara aiki da hannu da na'urar lissafi, daga baya a koma kwamfuta da manhajoji irin su Excel da SPSS da Stata da EViews, da kuma R wadda kyauta ce.

Ƙa'idojin aiki

Hukumar Ƙididdiga ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ƙa'idojin ƙididdigar hukuma a 1994, Babban Zauren Majalisar kuma ya tabbatar da su a 2014. Daga cikinsu akwai rashin nuna son kai, da bayyana hanyar da aka bi wajen samun adadi, da ɓoye sirrin mutanen da suka ba da bayani, ta yadda ba za a yi amfani da amsarsu ba sai domin ƙididdiga. Ana bikin Ranar Ƙididdiga ta Afirka a ranar 18 ga Nuwamba kowace shekara. Ranar Ƙididdiga ta Duniya kuma, wadda aka fara a ranar 20 ga Oktoban 2010, ana yin ta ne duk bayan shekara biyar.